Kalmar 'Yanayi' da Halin Ko-in-kula Game da Sauyin Yanayi a Tsakanin Hausawan Mile 2, Legas

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2022 ƙungiyar Afrobarometer, wadda ke auna ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, ta gano cewa kimanin mutum uku ne kacal cikin kowane goma a Nijeriya suka taɓa jin labarin sauyin yanayi. A wannan shekarar kuwa ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a ƙasar, ta kuma raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu. Akan ɗora laifin wannan giɓi a kan jahilci ko taurin kai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wani babban ɓangare na matsalar yana cikin harshe, wato kalmomin da aka zaɓa domin isar da saƙon cikin Hausa ba su ɗauke da abin da masana ke nufi. An ɗauki Hausawan Mile 2 a matsayin misali, domin su shaidu ne a kan yanayi iri biyu: na gida da suka baro, da na bakin teku da suka tarar.

2.0 Hausawan Mile 2

Zaman Hausawa a Ikko tsohon abu ne. Fataucin goro da dabbobi yana cikin abubuwan da suka kawo su, ya kuma bunƙasa bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911. Ta haka zangon Agege ya kafu, aka kuma sami wasu matattara kamar Idi-Araba da Obalende da Mile 12. Ita Mile 2 tana cikin ƙaramar hukumar Amuwo-Odofin, a inda babbar hanyar Badagry ta gitta wadda ta tashi daga Oshodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. Saboda haka ta zama mahaɗar direbobin tanka da tirela da yaransu, da 'yan dako, da masu shayi, da masu tsire, da 'yan ga-ruwa, da masu gadi. Da yawansu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa suka fito, wasu kuma daga Maraɗi da Damagaram.

Ruwan da Legas ke samu a shekara ya ninka na Sakkwato fiye da sau biyu. Ke nan mutumin da ya bar gonarsa saboda ruwa ya ɗauke kafin gero ya nuna, shi ne kuma ke naɗe ƙafar wando yana ratsa ambaliya a Mile 2 cikin watan Yuni da Yuli. Wannan ya shafi yadda yake sauraron duk wani bayani game da yanayi.

3.0 Abin da Masana ke Nufi

Abin da masana kimiyya ke bayani a kai shi ne cewa ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, tare da sare dazuzzuka, sun ƙara yawan iskar kabon a sararin samaniya. Wannan iska tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare wani kaso na zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda mota mai rufaffen gilashi ke tara zafi a rana. Kafin zamanin masana'antu yawanta kimanin kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2021 cewa matsakaicin zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1, teku kuma ta ɗaga da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Shekarar 2024 ta zarce duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara aunawa.

Muhimmin abu a nan shi ne, batun ya ƙunshi sifofi uku: sauyin na dogon lokaci ne, ya karkata ga fuska ɗaya ba ya komowa da kansa, sannan akwai hannun ɗan Adam a ciki. Duk fassarar da ta zubar da waɗannan sifofi ta zubar da saƙon.

4.0 Maganganun Shakku

Irin maganganun da akan ji a teburin mai shayi ko a inuwar tanka, idan rediyo ya ambaci batun, ba su wuce waɗannan ba:

(1) Yanayi ai kullum canjawa yake yi.
(2) Ruwa na Allah ne, in ya ga dama ya bayar, in ya ga dama ya hana.
(3) An ce fari zai zo, ga shi ruwa ma ya yi yawa.
(4) Kwata ce ta toshe, ba wani abu ba.
(5) Maganar Turawa ce, da masu neman kuɗin tallafi.

Idan aka dubi waɗannan jimloli da kyau, za a ga babu wadda ta musanta cewa damina ta rikice. Jimla ta (1) tana magana ne a kan ma'anar kalma, ta (2) a kan mai aikatawa, ta (3) da ta (4) a kan hujja, ta (5) kuwa a kan amana. Hasali ma akwai ƙamshin gaskiya a wasunsu. Toshewar magudanai da cike fadamu ana gini suna da babban kaso a ambaliyar Legas. Haka nan cinyewar gaɓar Bar Beach ta samo asali ne tun daga katangun duwatsun da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa. Dangane da jimla ta (5), Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya ba. Mai shayin da aka ce ya bar gawayi, alhali kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabo tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, yana da dalilin tambayar wanda ya kamata a fara yi wa wa'azin.

Jimla ta (3) ita ma tana da amsa. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, ruwa ya ɗan farfaɗo a yankin Sahel, sai dai salonsa ya sake. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin tun daga 1982. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, saboda haka fari da ambaliya 'ya'yan uwa ɗaya ne. Wannan bayani bai cika isa kunnen mai sauraro ba.

5.0 Matsalar Kalmomi

5.1 Yanayi

Ingilishi yana da kalmomi biyu, ɗaya ta halin da gari ya wayi da shi yau, ɗaya ta ɗabi'ar wuri a tsawon shekaru talatin ko fiye. Hausa ta haɗa su duka a 'yanayi'. Bugu da ƙari, kalmar tana nufin lokutan shekara, kamar yanayin damina da na hunturu, tana kuma nufin hali ko matsayi, kamar a 'yanayin rayuwa' ko 'yanayin jikinsa'. Kalmar da ta yi wannan faɗi ba ta iya nuna abu guda sai da taimakon wata.

5.2 Sauyi da Canji

'Canjin yanayi' tsohuwar magana ce a bakin Bahaushe, kuma tana da ma'anarta tun kafin a ɗora mata sabuwa. Wanda mura ta kama a farkon hunturu cewa yake canjin yanayi ne. Baƙon da ya sauka Legas zazzaɓi ya kwantar da shi, shi ma haka za a ce masa. Wato abu ne mai zagayowa, na ɗan lokaci, wanda ba a yi masa komai sai haƙuri. Saboda haka mai faɗin jimla ta (1) bai yi kuskure a Hausa ba. Ya fahimci kalmar yadda harshensa ya koya masa, fassarar ce ta gaza.

5.3 Ɗumama

'Ɗumamar yanayi' ta fi muni ta wannan fuska. Ɗumi a Hausa abin so ne. Ana jin ɗumi a bakin wuta da hunturu, ana neman ruwan ɗumi domin wanka, ana karya kumallo da ɗumame. Abin da ke wahalarwa sunansa zafi ko ƙuna. Zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali cikin watan Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, babu Bahaushen da zai kira shi ɗumi. Haka kuma adadin digiri 1.5 da yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ambata ba ya razana Basakkwacen da ya saba da digiri 40, matuƙar ba a bayyana masa cewa matsakaicin duniya duka ake nufi ba. Misalin jiki ya fi kusa: ƙarin digiri biyu a jikin yaro zazzaɓi ne.

Ta fuskar nahawu, 'sauyin yanayi' da 'ɗumamar yanayi' duka sunan aiki ne haɗe da mallaka, ba su bayyana mai aikatawa ba. Mai sauraro yakan cike gurbin da abin da ya sani, wato ikon Allah, kamar yadda jimla ta (2) ta nuna.

5.4 Gurgusowar Hamada

Akwai fassarar da ta karɓu, kuma ya dace a duba dalili. 'Gurgusowar hamada' da 'kwararowar hamada' an gina su ne a kan aikatau aji na shida a tsarin Parsons, wanda ke ƙarewa da wasalin '-o', yana nuna motsi zuwa ga mai magana. Kalmar da kanta tana cewa abin yana tahowa, kuma inda kake ya nufo. Tana da hoto, tana da alƙibla. Abin da 'sauyin yanayi' ta rasa ke nan.

6.0 Abin da Bahaushe ya Riga ya Sani

Al'ummar da ake zargi da ko-in-kula tana da dogon tarihin adana labarin fari. Yunwar 1913 zuwa 1914 an raɗa mata Kakalaba, ta 1927 'Yar Buhu, ta 1942 'Yar Gusau. Hausawan Nijar sun kira ta 1984 El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe kan iyaka da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a shekarar. Dattawa kan ƙirga shekarun haihuwa da waɗannan sunaye. Sai dai kowane suna yana nuna musiba guda ce, wadda ta zo ta wuce. Harshen bai tanadi suna ga musibar da ke tafiya sannu a hankali tsawon zamani ba.

Kalmar 'ci-rani' ma shaida ce. Asalinta a tafi bayan kaka a komo da ruwan shuka. A yau akwai 'yan ci-rani a Mile 2 da ke cin damina da rani a kudu, sai dai su aika kuɗin taki. Rashin tsaro da ƙarancin gona suna cikin dalilai, rashin tabbas na damina ma yana ciki. Sunan ya tsaya, ma'anarsa ta gusa.

Direbobi kuwa ganau ne. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Lokoja, motoci suka kwana da kwanaki, har Abuja ta shiga ƙarancin fetur a watan Oktoban 2022. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya auka wa Mokwa, mashigar motocin da ke kai abinci kudu, ya hallaka fiye da mutum 150. Gani ya kori ji. Abin da ya rage shi ne kalmar da za ta ɗinke waɗannan abubuwa su zama labari ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga cewa shakkun Hausawan Mile 2 ya fi shafar suna da amana fiye da ainihin al'amarin. Daga nan za a iya ba da shawarwari uku. Na farko, masana harshe su sake duban fassarar. 'Rikicewar yanayi' ko 'jirkicewar yanayi' sun fi nuna kauce wa tsarin da aka sani, 'ƙaruwar zafin duniya' kuma ta fi 'ɗumama'. Aikin keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi da aka buga a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa irin wannan daidaitawa mai yiwuwa ce, kuma fannin muhalli na buƙatar makamancinsa. Na biyu, a riƙa amfani da jimla mai bayyana mai aikatawa, a ce hayaƙin masana'antu da motoci ya rikita damina. Wannan bai ci karo da imani da ƙaddara ba, domin aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta ɓarnar tudu da teku ga aikin mutane, ƙissar Annabi Yusuf kuma darasi ce ta tanadi kafin fari. Na uku, a faɗi gaskiya cewa wata ambaliyar daga kwata take, domin mai sauraron da aka yarda da rabin hujjarsa ya fi saurin karɓar sauran.

Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Amfanin hasashen ga ɗan ci-ranin Mile 2 ya dogara ne a kan ko an faɗa masa shi da kalmomin da zai iya maimaita wa ƙanensa a waya kafin a yi shuka.