Garafuni a Unguwannin Kaduna ta Arewa: Shukarsa da Kula da Shi

A ƙauyukan ƙasar Hausa ba a saba shuka garafuni ba. Da ruwa ya sauka sai a ga ya tsiro don kansa a gindin danga, ya kama kara ya hau, kafin tsakiyar damina ya lulluɓe ta da ɗanyen ganye. Matan gida su kan tsinka in bukata ta taso, ba mai tambayar inda irinsa ya fito. A birnin Kaduna kuwa, musamman unguwannin da ke arewa da kogi, irin su Kawo da Malali da Badarawa da Unguwar Rimi, al'amarin ya sake. Wanda ya ke son garafuni a gidansa yanzu sai ya nemi iri ya shuka da hannunsa, ya yi masa abin hawa, ya kula da shi kamar yadda a ke kula da tumatir. Wannan takarda bayani ce a kan dalilin haka, da yadda a ke shukar, da hattarar da ta kamata wajen amfani da shi.

Sunansa

Kanawa su kan ce garafuni, Sakkwatawa da sauran mutanen yamma su ce garahuni. Wannan ba baƙon abu ba ne a Hausa, domin harafin f da na h su kan maye gurbin juna gaban wasalin u ko o, kamar yadda a ke ji a fura da hura, da dafuwa da dahuwa, da tafo da taho. Da ya ke Kaduna matattara ce ta Hausawan ko'ina, duka biyu a kan ji su a kasuwa guda.

Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya sa sunan cikin littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa, wanda aka buga a 1916. Masana tsirrai na duniya suna kiransa Momordica balsamina, sunan da Linnaeus ya ba shi a 1753. Kalmar farko daga Latin ta ke, daga aikatau mai ma'anar cizo, saboda gefen ƙwayar irin ya yi kama da abin da aka gatsa. Yana da ɗan'uwa na kusa, Momordica charantia, mai 'ya'ya dogaye, wanda Indiyawa ke kira karela, Yarabawa kuma ejinrin. Mutane da yawa ba su bambanta su, shukarsu kuma kusan ɗaya ce.

Kamanninsa

Garafuni dangin kabewa ne da duma da kankana da soso. Jikinsa siriri ne, ba ya iya tsayuwa da kansa. A kusa da kowane ganye akwai wani zare mai murɗewa, da shi ya ke laluben abin kamawa. In ya samu sai ya naɗe shi ya ja jikinsa sama. Ganyen a yayyanke ya ke kamar yatsun hannu. Furensa rawaya ne, iri biyu kuma a jikin tsiro guda: namiji da tamace. Ana gane tamacen da ɗan kumburin da ke ƙarƙashinta, wanda shi ne zai zama ɗa in ƙudan zuma ya kawo mata garin namijin. Ɗan yana da ƙuraje a jiki, tsawonsa inci ɗaya zuwa biyu. Kore ne da fari, in ya nuna ya koma ruwan lemo, sa'an nan ya fashe gida uku, a ga ƙwayoyin cikin wata jar riga mai danƙo. Tsuntsaye na son wannan jar rigar, su ne kuwa ke yaɗa irin a gindin shinge.

Dalilin ƙarancinsa a gari

Kaduna gari ne sabo. A 1913 aka fara kafa shi zamanin Gwamna Lugga, a 1917 aka ƙaura da hedkwatar Arewa zuwa cikinsa daga Zungeru. Da yawa daga unguwannin da ke arewa da kogi ƙauyuka ne a da, masu dangogin kara da zana, gari ya bunƙasa ya haɗiye su. Da gini ya sake, abu biyu suka sami garafuni. Na ɗaya, katangar bulo da aka shafe da siminti santsi gare ta, zaren ba ya samun abin naɗewa. Na biyu, tsakar gida da aka malale da siminti ba ta karɓar irin da tsuntsu ya yar. Ga kuma maganin kashe ciyawa da a ke fesawa a bakin hanya da kangaye, wanda bai san garafuni daban da sauran ciyawa ba. Watau ba ƙasar Kaduna ce ta ƙi shi ba, dangar da ya ke hawa ce ta tafi.

Shuka

A nemi ɗan da ya nuna sosai, ya kusa fashewa. A wanke jar rigar daga jikin ƙwayoyin, a shanya su a inuwa kwana biyu ko uku, a adana a busasshiyar kwalba da ɗan toka. Ɓawon irin yana da tauri, saboda haka a kan jiƙa shi ya kwana cikin ruwa kafin ranar shuka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, sa'ad da ruwa ya zauna. A nan akwai abin lura. Garafuni ya fi son jigawa, ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya. Ruwan Kaduna kuwa ya kan haura milimita 1,000 a shekara, ya fi na Kano da Katsina, ƙasarta kuma a wurare da dama ja ce mai marmara, mai daskarewa. In aka shuka shi a kwari, markar watan Agusta za ta ruɓar da saiwarsa. Maganin wannan shi ne a gauraya ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, a tara ta ta yi tudu ko kunya, a shuka a bisa. A sa ƙwaya biyu ko uku a rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, tsakanin rami da rami kamar taku biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro, sai a bar mai ƙarfi a cire sauran.

Wanda ba shi da ƙasa a gida ba shi da uzuri. Tsohon bokiti ko rabin duro ko buhu ya isa, muddin an huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. A ajiye shi inda rana za ta same shi aƙalla rabin yini.

Abin hawa kuwa a tanade shi tun kafin tsiron ya kai kamu ɗaya. A kafa sandunan gora, ko a ɗaura igiya ko siririyar waya daga ƙasa zuwa kan katanga. Siririn abu ya fi, domin zaren ba ya iya zagaye mai kauri. Wanda aka bari ya yi yaɗo a ƙasa ganyensa ya kan ɓaci da laka, 'ya'yansa kuma su ruɓe.

Kula da shi

In ya kai tsawon mutum a kan tsinke kansa, don ya yi rassa ya ba da ganye mai yawa. Bayan kamar mako shida a na iya fara tsinka, amma kaɗan kaɗan, kada a tsiraita shi. Furen namiji ne ke fara fitowa, saboda haka kada a ɗauka ya ƙi haihuwa in furen farko ya kakkaɓe.

Abokan gabansa huɗu ne. Akwai ƙudan da ke huda ɗanyen ɗa ya sa ƙwai, tsutsa ta cinye cikinsa. Irin wannan ɗa a cire shi a binne. Akwai darɓa da ke taruwa a bayan ganye. Ruwan ganyen dogon yaro da ɗan sabulu ya kan rage ta, a fesa da yamma bayan ƙudan zuma ya tafi. Akwai farar ƙura da ke hawa ganye in iska ba ta ratsa shi. Sai a rage cunkoson rassa. Na huɗu awaki ne, maganinsu shinge. Da ya ke ganyen ci a ke yi, kada a shuka shi kusa da kwata ko masai, kada kuma a ba shi ruwan lambatu.

In hunturu ya shigo a watan Nuwamba ya kan bushe, sai dai in a na ba shi ruwa, kamar yadda masu lambu ke yi wa kayansu a bakin Kogin Kaduna. Kafin nan a tabbata an ɗebi irin baɗi.

Amfani da hattara

Hausawa su kan dafa ganyen a tsiyaye ruwan ɗacin, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli ko a sa a miya, musamman ga mai jego don ruwan nono. A kan sha ruwansa saboda zazzaɓi da ciwon ciki da tsutsar ciki. Ganyen ya kan yi kumfa in an murza shi, har a kan goge kayan ƙarfe da shi. Ba Hausawa kaɗai ba, a ƙasar Mozambik ma ganyen miya ne na yau da kullum, suna kiransa kakana.

Amma ɗaci ba shi ne shaidar waraka ba. Ya bazu a bakin mutane cewa yana maganin ciwon sukari. A 2012 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa masu wannan ciwo da ɗan'uwansa na Indiya, suka ce hujjar ba ta isa ba. Saboda haka mai ciwon sukari kada ya bar maganin asibiti dominsa, kada kuma ya haɗa su ba da sanin likita ba, don kada sukarinsa ya faɗi. Mai ciki ta nisance shi, domin a na jin tsoronsa wajen ɓari. Ƙwayar irin a hana yara ci. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu kuwa na asibiti ne.

Ga malaman makarantun horon malamai

Yaron da ya tashi a gidan bulo zai iya karanta kalmar garafuni a littafi bai san me ta ke nufi ba, haka ma danga da darni da zana. In abu ya ɓace daga ido, sunansa ba ya daɗewa a baki. Lambun makaranta na iya toshe wannan kafa da kuɗi kaɗan: 'yar danga ta kara mai taku goma, da ƙwayoyi shida. A sa ɗalibai su shuka a watan Yuni, su riƙa rubuta abin da suka gani kowane mako da Hausa, kowa kuma ya tambayo tsofaffin gidansu yadda a ke kiran tsiron da sassansa a garinsu, da abin da a ke yi da shi. Kafin watan Oktoba za a sami ganye, da irin da za a raba wa unguwa, da jerin kalmomin da masu nazarin karin harshe za su yi murna da shi.