Mai Ciwon Suga, Duba Ƙafarka Kowace Yamma

Sau da yawa akan kawo mana manomi da gyambo a tafin ƙafa, ya kumbura, har yana wari. In muka ce, "Baba, yaushe abin ya fara?" sai ya ce, "Ban sani ba, ban ji zafi ba." Wannan rashin jin zafin shi ne haɗarin.

Ga dalili. Idan suga ya daɗe da yawa cikin jini, yakan lalata jijiyoyin da ke sa mutum ya ji taɓawa da zafi. Ƙafa ce takan fara mutuwa. Ƙaya ta soke ka, ko garwashi ya ƙone ka, ba ka sani ba. Hanyoyin jini kuma sukan tsuke, jini ba ya isa ƙafa sosai, don haka ciwo ba ya saurin warkewa. Ɗan ƙaramin rauni yakan ruɓe har a kai ga yanke yatsa ko ƙafa.

Ana iya kauce wa wannan. Kowace yamma, kafin duhu ya yi:

1. Wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai ɗumi. Fara taɓa ruwan da gwiwar hannu, kada ya ƙone ka.
2. Goge ta ta bushe, musamman tsakanin yatsu. Mai alwala ma ya riƙa yin haka.
3. Duba sama da ƙasa da diddige. In idonka ba ya gani sosai, ka sa ɗanka ko matarka su duba maka.
4. Shafa man kaɗanya inda fata ta bushe ko ta yi faso, amma ban da tsakanin yatsu.

Kada ka yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Kakkaɓe takalmi kafin ka sa, tsakuwa ko kunama na iya ɓuya a ciki. Lokacin hunturu kada ka miƙa ƙafa kusa da wuta, safa ta fi. Yanke farce a miƙe, kada ka zurfafa. Kada ka fere kanta da reza, kada kuma ka bari a yi maka tsaga.

In ka ga rauni, bororo, kumburi, ruwa na fita, ko yatsa ya fara baƙi, ka rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, ka zo asibiti a ranar. Kada ka zuba toka ko garin magani, kada ka jira ranar kasuwa.

Tushen abin dai shi ne sugan da ke cikin jini. Sha maganinka kullum, ko da kana jin garau. Rage tuwo, ƙara miyar ganye da wake, bar lemon kwalba da shayi mai suga. Duk ranar da ka zo awo, cire takalmi mu duba ƙafar, ko ba mu tambaya ba.

'Yan'uwa mata, duk wannan ya shafe ku. Allah ya ba mu lafiya.