Baiko da Rumbu: Yadda Kiristocin Yankinmu Ke Fahimtar Kyauta

A ƙasar Kazaure, da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura ta wajen iyakar Nijar, mafi yawan mutane Musulmi ne, amma akwai Hausawa Kiristoci da ake noma tare da su, ake cin kasuwa ɗaya. Da yawansu jikokin Maguzawa ne. Tun zamanin Turawa mishan ta SIM ta zauna a Roni, har ta buɗe makarantar yara maza a can, kuma daga aikin wannan mishan ne ekklesiyar ECWA ta fito a 1954. A wannan makon mu 'yan ƙungiyar jarida mun ga ya dace mu bayyana abu ɗaya daga cikin koyarwarsu, wato kyauta da yaƙi da son kai, don maƙwabci ya san abin da maƙwabcinsa ke nufi.

Bari mu fara da kalmomi. Abin da ake sakawa a akwati ranar Lahadi a majami'a shi ake kira baiko, kuma ba a yanke wa kowa adadi. Sai kuma kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, wanda wasu ke kira zakka, wasu ushiri. Manomi yana iya fitar da dami ɗaya cikin goma na gero ko dawa. Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga ɗalibi Musulmi, tunda zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar ita ma ɗaya bisa goma ce. Bayan girbi kuma akan yi sujadar godiya, inda ake kawo gyaɗa, wake, kaji, wani lokaci har da akuya.

To amma ba yawan abin ake dubawa ba, kuma nan ne koyarwar ta fi ɗaukar hankalinmu. A Littafin Markus sura ta 12 an ba da labarin Yesu yana zaune kusa da wurin zuba baiko. Attajirai suna ta zuba kuɗi masu yawa, sai ga wata matalauciya da mijinta ya rasu, ta saka anini biyu. Ita ya yaba fiye da kowa. Dalili kuwa, su sun ba da rarar abin da suke da shi, sun koma gida ba su ji komai ba, ita kuwa ba ta bar ko na cefane ba. Ke nan ana auna kyauta ne da abin da ya rage a hannun mai bayarwa. Idan muka kawo wannan ma'auni cikin makarantarmu, ɗalibin da ya raba ƙuli-ƙulinsa na ƙarshe biyu a ƙarshen zango, lokacin da akwatin kowa ya yi wayam, ya fi wanda ya yi rabon biskit ranar ziyara.

Game da son kai, misalin da ya fi kama da rayuwarmu ta manoma yana cikin Luka sura ta 12. Gonar wani mai arziki ta yi albarka har ya rasa wurin ajiya. Maimakon ya tuna da wani, sai ya ƙudurta rushe rumbunansa ya gina manya, ya miƙe ƙafa ya ci shi kaɗai. A daren nan ransa ya yi halinsa. Ku lura, bai saci hatsin kowa ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi tanadi, musamman a nan da damina ke iya yankewa. Abin zarginsa shi ne duk lissafinsa babu mutum na biyu a ciki.

Irin wannan rumbu muna da shi a aji. Wani zai fahimci darasin lissafi, ya ɓoye littafinsa don kada a wuce shi a jarrabawa. Wata za ta jera bokiti uku a layin famfo, 'yan aji ɗaya na tsaye har kararrawa ta kaɗa. Ba kobo a ciki, amma rowa ce.

Akwai kuma son kan da ke sanye da rigar kyauta. Matiyu sura ta 6 ta yi gargaɗi a kan bayarwa don a gani a yaba. A ganinmu wannan ya fi wuyar magani, domin mai rowa kowa ya san shi, mai neman suna kuwa godiya ake yi masa. Duk taron da ake kiran sunan mai bayarwa da lasifika, a majami'a ne ko a bikin makaranta, wannan jarraba tana nan.

A aikace, kyautar ta fi fitowa a hannun mata. 'Yan Zumuntar Mata sukan tara ɗan abin da ya sawwaƙa, mudun hatsi ko sabulu, su kai wa mai jego, ko mara lafiya, ko gidan da aka yi rashi. Manyan ayyuka ma daga wannan tunani suka taso: asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, har yau yana karɓar Musulmi da Kirista a layi ɗaya. A unguwannin da ake zaman tare kuwa, ranar Kirsimeti yara ke yawo da kwanukan shinkafa zuwa gidajen maƙwabta, idan Babbar Salla ta zo kuma naman layya ya biyo hanyar da shinkafar ta bi.