Ciwon sukari na masu ciki

Wata mace ba ta da ciwon sukari, sai ta ɗauki ciki sukari ya hau a jininta. Sau da yawa ba ta jin komi. Awon jini kaɗai ke nuna shi.

Ana yin awon tsakanin sati 24 da 28, wato wajen wata shida. Ki zo da safe ba ki karya ba. Za a ɗebi jini, a ba ki ruwan sukari ki sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu.

In ba a kula ba, jariri yakan yi girma ainun, haihuwa ta yi wuya.

In an samu ciwon, kada ki zauna da yunwa. Ki bar lemon kwalba da sa sukari a fura ko shayi. Ki rage tuwo, ki ƙara wake da zogale. Ki riƙa takawa bayan cin abinci. In bai sauka ba, likita zai ba ki ƙwaya ko allurar insulin.

Yawanci yakan wuce bayan haihuwa, amma yana iya dawowa ya zauna. Da kin yi arba'in, ki dawo awo, kuma ki riƙa zuwa kowace shekara. Maigida, ka rako ta.