Su A Fadamun Haɗeja

Mutumin Takur da ya sayi busasshiyar tarwaɗa a kasuwa bai cika tambayar inda ta fito ba. To, da yawa daga fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru a ke kawo ta, watau inda kogi ya kan malala da damina.

Da kaka, in ruwa ya soma janyewa, sai kifi ya taru cikin ƙananan tafkuna waɗanda zurfinsu bai wuce ƙugu ba. Nan masunta su kan faɗa da homa, kowa da goransa, su yi ta kwasar karfasa da tarwaɗa. Gaiwa kuwa, kai, akwai wayo! Cikin laka ta ke shigewa ta kwanta har wata damina, sai dai a haƙo ta kamar rogo.

Amma fa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, aka ƙara ta Calawa cikin 1992, malalar nan ta ragu, ga kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Alhali kuwa cikin malalar ne kifi ya ke zuba ƙwai. Shekarar da ruwa bai hau fadama ba, masunci shi ke fara ji a jikinsa, sa'an nan mai cefane a Takur.