Ciwon kwankwaso na gefe ɗaya: abin da za a iya yi a gida da lokacin zuwa asibiti

Ciwon kwankwaso yana cikin abubuwan da aka fi kawo kuka a kansu a asibitin sansani, musamman daga masu ɗibar ruwa, da masu juna biyu, da matan da ba su daɗe da haihuwa ba. Ciwon iri-iri ne, kuma ba magani ɗaya ake yi wa dukansu ba. A wannan fitowa za mu yi bayani a kan guda ɗaya, wato wanda yake tasowa daga gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙashin ƙugu. Mun zaɓe shi ne saboda mafi yawan maganinsa yana hannunku, kuma ba ya buƙatar ko sisi.

Ina gaɓar take?

Ku ɗora hannu a bayanku, ƙasa kaɗan da inda ake ɗaura zani ko tazuge. Mutane da yawa suna da 'yan ramuka biyu a wurin, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Gaɓoɓin suna nan ƙarƙashinsu. Ƙashin baya yana ƙarewa ne da wani ƙashi mai kusurwa uku, wanda ya shige tsakanin manyan ƙasusuwan ƙugu biyu, jijiyoyi masu kauri suka ɗaure su tam. Likitoci suna kiran wannan mahaɗa sakro-iliyak. Ba ta motsi kamar gwiwa ko kafaɗa, iyakar motsinta 'yan milimita ne. Aikinta ɗaukar nauyi: duk abin da ke sama da ƙugu ta nan yake bi ya sauka ƙafafu.

Jarka mai lita 20 idan ta cika ruwa nauyinta kilo 20 ne. Matar da ta ɗora ta a ka, ga goyo a baya, duk wannan nauyi ta gaɓoɓin nan biyu yake wucewa a kowane taku, daga famfo har gida. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya, kashi 15 zuwa 30 cikin 100 daga nan ciwonsu yake.

Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne: faɗuwa a kan mazaunai, zurma ƙafa a rami ba zato, doguwar tafiya a ƙasa da kaya (da yawa daga cikinku haka kuka iso nan), ɗingishi saboda tsohon rauni, da ɗaukar kaya ko yaro kullum a gefe ɗaya. Sai kuma juna biyu. A lokacin ciki jijiyoyin ƙugu suna yin laushi don buɗe wa jariri hanya, ga nauyi yana ƙaruwa, ga tsokar mara ta miƙe ta rasa ƙarfi. Kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da ciwon ƙugu a lokacin ciki. Yawancinsu suna samun sauƙi a 'yan watannin farko bayan haihuwa, wasu kuma yakan bi su fiye da haka.

Yadda ake gane shi

Mai wannan ciwo idan aka ce ya nuna inda ke masa zafi, sau da yawa da yatsa ɗaya zai nuna, kusa da ɗan ramin nan, a gefe ɗaya. Zafin yakan sauka mazaunai da bayan cinya, wani lokaci matsematsi, amma ba kasafai yake wuce gwiwa ba. Yana tsananta wajen tashi daga zaune, juyi a shimfiɗa, tsayuwa a ƙafa ɗaya don sa wando, hawa babur, ko tsallake kwata.

A asibiti ma'aikacin lafiya zai kwantar da ku ya danna ƙugu da cinya ta hanyoyi kamar biyar. Idan uku daga ciki suka tayar da ainihin ciwon da kuka saba ji, to ana kyautata zaton gaɓar ce. Wasu suna jin haushi idan ba a tura su hoto ba, suna ganin an raina ciwonsu ne. Gaskiyar magana ita ce hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna komai a irin wannan ciwo, shi ya sa ba a fara da shi sai an ga alamar karaya ko wata cuta.

Kwanakin farko

Idan ciwon ya taso da ƙarfi, a rage aiki mai nauyi na kwana biyu ko uku, amma kada a kwanta gaba ɗaya. Doguwar kwanciya tana kashe ƙarfin tsoka, ciwon ya ƙara daɗewa. A riƙa tashi ana ɗan zagayawa cikin gida. A jiƙa tsumma a ruwan ɗumi a matse a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana. Ruwan ya zama wanda hannu zai iya jurewa, domin mun sha ganin ƙuna a bayan mutane saboda gashi da ruwa mai tafasa.

Wajen barci, a kwanta a gefe, a naɗe zani ko bargo a sa tsakanin gwiwoyi. Mai kwana rigingine ya sa shi ƙarƙashin gwiwoyi. Wajen tashi daga tabarma, a fara mirginawa gefe gwiwoyi a haɗe, sannan a dogara da hannu a tashi.

Motsa jikin da ke gyara shi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin likitocin gashi a kan wannan ciwo. Tun da gaɓar ba ta da wata tsoka tata da ke motsa ta, abin da ke riƙe ta bayan jijiyoyi shi ne tsokokin da suka kewaye ta: na mara, na mazaunai, na cikin cinya da na baya. Idan suka yi ƙarfi sai su ɗaure ƙugu kamar ɗamara, nauyi ya ragu a kan gaɓar. Tabarma da zani kawai ake buƙata.

A fara da tsuke mara. Ku kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ku fitar da numfashi, ku ja ƙasan cibiya ciki a hankali kamar mai ɗaura zanin da ya ɗan matse. Ku riƙe ku ƙirga 10 kuna ci gaba da numfashi, sannan ku saki. Sau 10. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne riƙe numfashi da ɗaure ciki da dukan ƙarfi. Kaɗan ake so, yadda za ku iya magana kuna yi. Duk sauran motsin a kan wannan aka gina su, don haka kada ku raina shi.

Kuna nan kwance, ku naɗe zani ku sa tsakanin gwiwoyi, ku matse shi ku ƙirga 5, ku saki. Shi ma sau 10. Mutane da yawa suna jin sauƙi nan take bayan wannan.

Na uku shi ne gada. Daga kwanciyar dai, ku tsuke mara, ku matse mazaunai, ku ɗaga ƙugu sama har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su yi layi ɗaya. Ku ƙirga 5 ku sauko a hankali. Idan kun ji aikin a mazaunai, daidai ne. Idan a tsakiyar baya kuka ji shi, kun ɗaga da yawa, ku rage.

Sai ku juya gefe, gwiwoyi a lanƙwashe ɗaya kan ɗaya, duga-dugai a haɗe. Ku buɗe gwiwar sama, ku mayar, ba tare da ƙugu ya mirgina baya ba. Sau 10 zuwa 15 a kowane gefe. Wannan yana ƙarfafa tsokar gefen ƙugu, wadda take hana ƙugu karkacewa a duk lokacin da nauyi ya koma ƙafa ɗaya cikin tafiya.

Bayan mako biyu ko uku, idan waɗannan sun zama da sauƙi, ku ƙara na rarrafe: hannuwa da gwiwoyi a ƙasa, baya a shimfiɗe kamar tebur, ku miƙe ƙafa ɗaya baya, ku ƙirga 5, ku mayar, ku yi ɗayar. Daga baya a haɗa da miƙe hannun da ke ɗaya gefen.

Idan wurin ya sandare, ku ja gwiwa ɗaya zuwa ƙirji kuna kwance ku riƙe na daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku a kowane gefe. A hankali ake ja, ban da fizga.

Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, minti 10 zuwa 15. Mun fi ba da shawarar a ɗaura shi a kan wani abu da aka saba yi kullum, misali da safe kafin a fita layin ruwa, don ba a cika mantawa ba. Ɗan jin jiki yayin motsi ba laifi ba ne idan ya lafa bayan an gama. Amma idan zafi mai suka ne, ko ya harba zuwa ƙafa, ko an wayi gari ciwon ya fi na jiya, a rage yawan ko a bar wannan motsin a tambayi ma'aikacin lafiya. Sauƙi na sosai yakan ɗauki mako shida zuwa takwas, kuma yawancin waɗanda suka ce bai yi musu aiki ba tun a makon farko suka bari.

Mai ciki da ya wuce wata huɗu kada ta daɗe kwance rigingine, ta yi na gefe da na rarrafe, ta tsuke mara a zaune. Wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa ta fara tambayar ungozoma.

Ɗamara

Akwai bel na musamman da ake ɗaura wa ƙugu, amma zani mai kauri da aka ninke ya kai faɗin tafin hannu zai iya maye gurbinsa. Inda ake ɗaurawa shi ne muhimmi: ƙasa, a kan ƙasusuwan ƙugu, ƙarƙashin ciki. Idan aka ɗaura a cibiya ba ya amfanin komai, kuma ga mai ciki bai dace ba. A ɗaura lokacin tafiya da aiki, a kwance lokacin hutu da barci. Taimako ne na ɗan lokaci kafin tsoka ta yi ƙarfi.

Aikin yau da kullum

Mun san babu wanda zai daina ɗibar ruwa ko daka don kwankwasonsa na ciwo. Abin da za a iya shi ne sauya yadda ake yi. Rabin jarka sau biyu ya fi cikakkiya sau ɗaya. Ƙananan galan biyu, ɗaya a kowane hannu, sun fi babbar jarka a hannu ɗaya. Inda akwai baro ko kura, a haɗa kai da maƙwabta. Wajen ɗora kaya a ka, a tsuguna da gwiwoyi, kayan na kusa da jiki, a nemi mai ɗorawa, kada a ɗaga ana murɗa ƙugu. Goyo a tsakiyar baya ya fi saɓa yaro a ƙugu ɗaya. A ƙara wa tsintsiya tsawo da sanda. Wanki da wanke-wanke a yi su a zaune kan kujera 'yar tsugunno maimakon a sunkuye. Wando da siket a sa su a zaune.

A nan muna kira ga maza da samarin gida. Mace mai ciki ko mai jego da ke ɗingishi saboda wannan ciwo, mako shida na ɗauke mata ɗibar ruwa da itace zai iya zama abin da zai raba ta da ciwon da zai bi ta shekaru.

Tausa, ɗori da magunguna

Tausa mai sauƙi a mazaunai da gefen ƙugu tana sassauta tsoka. Likitocin gashi ma suna amfani da hannu su ɗan motsa wurin, yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, shi ya sa suke haɗa shi da motsa jiki. Sai dai wannan gaɓa ba ta gocewa haka kawai, sai in an yi mummunan haɗari. Don haka babu dalilin a taka bayan mutum ko a fizgi ƙafarsa da sunan mayar da ƙashi. Tsaga da sakiya kuwa ba sa kaiwa inda ciwon yake, ƙari kawai suke yi na gyambo, kuma askar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗauko ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki.

Farasitamol yana taimakawa a samu damar motsawa. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24, mai ƙaramin jiki ko ciwon hanta kuma ƙasa da haka. Ibufurofen da dikulofenak ba na mai ciki ba ne, haka mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, sai da izinin likita. Taramol da ake sayarwa a bakin kasuwa ku nisance shi: yana danne zafi ne mutum ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ke lalata shi, sannan jiki ya saba har a kasa bari.

Lokacin da ba a jira

A je asibiti a ranar, ko da dare ne, idan fitsari ya tsaya ko yana zuba ba a sani ba, ko bayan gida yana kufcewa, ko tsakanin cinyoyi da gaba ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa ta rasa ƙarfi. Waɗannan alamu ne na matsewar jijiyoyin laka, kuma jinkiri na iya barin nakasa. Haka wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa, da mai cikin da ciwon ya zo mata da jini, zubar ruwa ko murɗawar mara.

Akwai kuma cututtukan da ke kama wannan gaɓa waɗanda motsa jiki ba zai warkar ba. Tarin fuka yana shiga ƙashi, don haka ciwon kwankwaso tare da zazzaɓi, gumin dare ko rama sai an bincika. Masu kiwo su lura da cutar burusela, wadda ake ɗauka ta shan ɗanyen nono ko taɓa dabbar da ta yi ɓari. Tana yawan kama wannan gaɓar, tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, kuma maganinta yana ɗaukar aƙalla mako shida. Matashin da yake tashi da safe bayansa a sandare fiye da rabin awa, sai ya motsa yake jin sauƙi, har abin ya wuce wata uku, shi ma ya zo a duba shi. Mai sikila da ke jin ciwo a ƙugu ko matsematsi ya faɗa wa likita tun da wuri.

Wanda ya yi wata biyu yana motsa jikin nan kullum bai ga canji ba, ya dawo asibitin sansani da katinsa. Za a sake duba shi, idan da buƙata a rubuta masa takardar zuwa babban asibiti, inda ake da likitan gashi da kuma allurar da ake yi a cikin gaɓar kanta.