César Milstein: Masanin da Ƙasarsa Ta Yi Asararsa, Duniya Ta Ci Moriyarsa

A shekarar 1962 sojoji suka kifar da gwamnati a Ajantina, guguwar kuma ba ta tsaya a fadar mulki ba. Ta kai har Cibiyar Malbrán da ke Buenos Aires, inda aka tsige shugaban cibiyar, aka sallami wasu masu bincike. Shugaban wani sashe a wurin, César Milstein, ya ga ba zai zauna yana kallo ana yi wa abokan aikinsa haka ba. Ya ajiye aiki, ya koma Cambridge a Ingila a 1963.

An haife shi a garin Bahía Blanca a 1927. Mahaifinsa Bayahude ne da ya yi ƙaura daga Yukren, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Jami'ar Buenos Aires, ya yi digiri na uku a Cambridge, inda ya san masanin kimiyya Fred Sanger. Sanger ne ya buɗe masa ƙofa da ya dawo, shi ne kuma ya ba shi shawarar ya karkata ga binciken garkuwar jiki.

Matsalar da ke gaban masana a lokacin ita ce, idan cuta ta shiga jiki, jini kan cika da sinadaran garkuwa iri-iri a cakuɗe, kowanne da abin da yake kamawa. Babu mai iya ware guda ɗaya ya samar da shi da yawa, domin ƙwayoyin halittar da ke yin su ba sa daɗewa a wajen jiki.

A 1974 wani matashi Bajamushe, Georges Köhler, ya zo daga Basel ya shiga ɗakin binciken Milstein. Suka yi wa ɓera allurar jinin tumaki, suka ɗebi ƙwayoyin halitta daga saifarsa, suka haɗe su da ƙwayoyin wani ciwon daji na ɓera, waɗanda ba sa daina hayayyafa. Abin da aka samu ya gaji iyayensa biyu: yana fitar da sinadarin garkuwa iri ɗaya tak, kuma ba ya mutuwa. Da Köhler ya ɗaga farantan gwajin, sai ya ga ƙananan da'irori garau a cikin jan jinin, alamar sabbin ƙwayoyin sun farfasa jinin tumakin da ke kewaye da su. Mujallar Nature ta buga sakamakon a watan Agustan 1975.

Hukumar Birtaniya da ke kula da irin wannan a lokacin ba ta yi wa fasahar rajistar mallaka ba, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce daga baya. Shi kuwa Milstein ya ci gaba da aika wa masu bincike ƙwayoyin nan idan sun nema, har fasahar ta game ɗakunan gwaje-gwaje na duniya. A 1984 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Köhler da Niels Jerne.

Alheri danƙo ne. A 1986 Amurka ta amince da magani na farko na wannan fasaha, domin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Greg Winter, wanda ya yi aiki a cibiya ɗaya da Milstein, ya gano yadda za a gyara sinadaran ɓera su dace da jikin mutum, shi ma ya samu Nobel a 2018. Herceptin, maganin da ake ba wasu masu ciwon dajin nono, daga wannan tushe ya fito.

Milstein ya rasu a Cambridge a watan Maris na 2002, amma aikinsa yana kusa da mu fiye da yadda muke zato. Duk ranar da aka soki yatsan yaro a asibiti ko kemis, aka ɗiga jininsa a ɗan farin abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, layin da ke bayyana aikin waɗannan sinadarai ne. Haka ma tsinken gwajin juna biyu. Don haka shugabanninmu su riƙe masu bincike hannu bibbiyu, domin ƙasar da ta bar masaninta ya tafi ba ta san girman abin da ya tafi da shi ba.